Ranar da 'yata ta sa wa kuɗin wuta hula

Daren wata Laraba, bayan mun idar da sallar isha'i, 'yata da ke aji biyu a ƙaramar sakandare ta zo ta dire mini littafin aikinta a kan tabarma, ranta a ɓace. An ba su wani guntun labari na Turanci a kan yadda gwamnatin Birtaniya ta hana kamfanonin wuta da gas tsawwala wa jama'a, aka ja layi a ƙarƙashin wasu kalmomi aka ce su faɗi ma'anarsu. Ɗaya daga ciki ita ce “cap”. Yarinya ta rubuta cewa abin da ake sawa a ka ne. Malami ya soke da jan biro, ya rubuta mata wata kalmar Turanci mai nufin iyaka, ya wuce gaba. Ko layi ɗaya na bayani babu.

Ta ce, “Baba, ashe cap ba hula ba ce? Tun muna aji ɗaya na firamare haka aka koya mana, har da hotonta a bango.”

Na ce, “Hula ce, Mamana.”

Ta ce, “To me ya kawo hula cikin kuɗin wuta?”

Wannan tambaya tata ta fi amsar da malamin ya rubuta daraja nesa ba kusa ba, kuma ita ce jan biron nan ya so ya kashe. Abin da nake so in faɗa a wannan rubutu ke nan: yadda muke koya wa 'ya'yanmu kalmomin Turanci, kowace kalma da ma'anarta guda kamar an ɗaure akuya a turke, zalunci ne ga hankalinsu. Muna sa su haddar abin da ya kamata a ce sun gane. Zan kafa hujja da wannan 'yar kalma mai haruffa uku, domin duk wanda ya taɓa zama a aji ya san ta.

Da farko dai kalmar baƙuwa ce a Turancin kansa. Aro ce daga Latin, harshen Rumawa, inda ake da “cappa”, wata irin riga ta yafawa mai haɗe da abin rufe kai. Duk wanda ya taɓa ganin hakimi ranar hawan salla cikin alkyabba, da hularta tana reto a bayansa, ya ga kamannin abin. Mutanen Ingila sun ari kalmar fiye da shekara dubu da suka wuce, suka taƙaita ta ga abin da ke rufe kan kaɗai. Abokiyar zamanta “hat”, wadda mu muka fi dangantawa da malfa, ita ce 'yar gida, daga tushen da Turanci ya haɗa da Jamusanci ta fito. Faransawa ma daga “cappa” ɗin suka samo “chapeau”, haka nan “képi”, hular nan mai tsayi da baki da 'yan uwanmu na Nijar suka sani a kan jandarmomi, ta biyo ta Jamusancin Suwizalan ne daga gida ɗaya.

Daga nan sai kalma ta fara tafiya da ƙafarta. Hula tana zama ne a can ƙololuwa, ta rufe. Saboda haka duk abin da ya zauna a saman wani abu ya rufe shi sai Bature ya kira shi da sunanta: murfin kwalba, murfin biro, ƙanƙarar da ta lulluɓe ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya. Abin da aka rufe daga sama kuwa ba shi da damar ƙara tsawo. Ga iyakar da malamin 'yata ya rubuta ta fito da kanta, ba tare da an yi hadda ba. Lokacin da hukumar kula da makamashi ta Birtaniya, Ofgem, ta ƙayyade farashin wuta da gas na gidaje a watan Janairun 2019, hula ta sa wa farashin, kamar yadda yarinyar ta hango. Haka manyan ƙasashe bakwai masu ƙarfin arziki, wato G7, da Tarayyar Turai suka yi wa ɗanyen man Rasha a Disamban 2022, suka ce kada ganga ta wuce dala 60. Da na zana mata kwalba da murfi a bayan littafin, na ce ga farashi yana hawa kamar ruwa, ga murfi ya tare shi, ko minti biyu ba a yi ba ta ce, “Au, ashe shi ke nan?” Shi ke nan kuwa. Minti biyu ne aka hana ta a aji.

Amma inda tarihin kalmar ya fi daɗi shi ne wajen 'yan uwanta da ba wanda zai zaci suna da dangantaka da ita. A ƙarni na 4 an yi wani sojan Rum mai suna Martin. Labarin da Kiristocin Turai suka gada shi ne, wata rana cikin tsananin hunturu ya iske wani almajiri yana rawar ɗari a ƙofar birnin Amiens, a ƙasar Faransa ta yau. Ba shi da abin ba shi, sai ya zare takobi ya raba mayafinsa biyu, ya ba shi rabi. Daga baya ya bar aikin soja, ya zama bishop, wato babban limamin Kirista, na birnin Tours, ya rasu a shekarar 397. Sarakunan Faransa na dā suka riƙe abin da suka yi imani shi ne sauran mayafin a matsayin kayan tarihi mai albarka, suna tafiya da shi yaƙi, ana rantsuwa a kansa. Suna kiransa “cappella”, wato ɗan ƙaramin mayafi. Sannu a hankali sunan ya tashi daga kan tufa ya koma kan ɗakin da ake ajiye ta, daga nan ya game duk wani ƙaramin ɗakin ibada, shi ne “chapel” da muke gani a makarantun mishan da asibitoci. Masu tsaron mayafin kuma su ne asalin “chaplain”, limamin Kirista na barikin soja. Hatta waƙar da ake yi da murya zalla babu kiɗa, da ake kira “a cappella”, ma'anarta irin ta ɗakin ibada. Ka duba nisan tafiyar: daga rabin mayafin da aka ba almajiri zuwa gini, zuwa muƙami, zuwa salon waƙa.

Akwai wadda ta fi burge ni. Kalmar “escape”, wato kuɓuta ko tserewa, asalinta fita daga cikin “cappa”. Wanda ya taɓa ganin an cakumi ɓarawon waya a kasuwa, ya sulale ya bar wa jama'a rigarsa a hannu ya ranta a na kare, ya ga ma'anar kalmar da idonsa. Yaron da aka ba wannan hoto ba zai sake mance kalmar ba har ya tsufa. Shi kuwa kofin nan na sha, wato gahawa mai madara da kumfa da ake sayarwa da tsada a manyan otal, “cappuccino”, sunan wasu masu zuhudu ne na Italiya da suka ɓulla a shekarun 1520, waɗanda aka yi wa laƙabi da doguwar hular da ke jikin rigarsu. Launin gahawar ne ya yi kama da launin rigar, sai ta gaji sunan.

Masoya ƙwallo sun fi kowa jin kalmar a kunne ba tare da an taɓa gaya musu dalili ba. Idan aka ce Joseph Yobo da Vincent Enyeama kowannensu yana da “caps” 101, ko aka ce Ahmed Musa ya zarce su, nufi shi ne yawan wasannin da suka buga wa Super Eagles. A nan hular ta gaske ce. A shekarar 1886 wani jami'in ƙwallon Ingila, N. Lane Jackson, ya kawo shawarar a riƙa bai wa duk wanda ya buga wa ƙasar wasa hula ta girmamawa, aka amince. Aka wayi gari ana ƙirga wasa da hula. Na sha jin samari a gidan kallon ƙwallo suna gardama a kan wane ya fi wane “caps”, kuma na tabbata da za a ba su wannan labari za su karɓe shi da murna, domin mutum yana son ya san asalin abin da ke fita daga bakinsa. Su ɗin ne dai yanzu ke rubuta “no cap” a TikTok da WhatsApp idan suna nufin ba ƙarya, wanda salon magana ne na baƙaƙen fatar Amurka da waƙoƙinsu suka yaɗa a duniya. Har yau kalmar ba ta daina haihuwa ba.

Me ya sa abin rufe kai ya haifi kalmomi da yawa haka? A ganina saboda abin da ke kan mutum shi ake fara gani, kuma shi ke faɗin ko shi wane ne kafin ya buɗe baki. Masu mulki sun daɗe da sanin haka. A shekarar 1571, zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, majalisar Ingila ta yi dokar da ta tilasta wa talakawa, daga ɗan shekara shida zuwa sama, sa hular ulu saƙar gida ranar Lahadi da ranakun bukukuwan addini. Wanda ya ƙi, tarar sule uku da kwabo huɗu a kowace rana. An yi dokar ne don a ceto masu saƙar hula da kasuwarsu ta faɗi, kuma an keɓe manyan gari daga cikinta. Sai a 1597 aka soke ta. Hula ta zama alamar talaka, cire ta a gaban babba kuma ta zama alamar ƙanƙan da kai, shi ya sa har yau idan Bature ya ce wani ya je da hula a hannu, yana nufin ya je roƙo. A Turkiyya kuma, a 1925, shugaban ƙasar, Mustafa Kemal, ya haramta jar dara ya ɗora wa mutane malfar Turawa, har aka rataye wasu daga cikin waɗanda suka yi tawaye da dokar. Ɗaya daga cikin abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne bakin malfar yana tare goshi wajen sujada. Bahaushe ya ga wannan matsala da kansa, ya taƙaita ta cikin kalma biyu ranar da ya ga hular 'yan wasan Amurka mai baki a gaba, ya raɗa mata hana-salla.

A nan ne nake jin takaici ya fi kama ni. Duk wannan dabara ta ɗaukar sunan tufa a ba wa wani abu daban, yaron Bahaushe ya iya ta tun kafin ya shiga makaranta. Idan aka ce wane yana neman rawani, ba wanda zai tura shi kasuwar Kurmi, kowa ya san sarauta yake nema. Idan aka ce an tuɓe wa hakimi rawani, an sauke shi ke nan. Idan aka ce 'yan jar hula sun cika gari a Kano, an san tafiyar siyasar da ake nufi. Muna da zanna-bukar da dara da haɓar-kada da taɓa-ni-ka-ji-hadisi, kowace da labarin da ke bayan sunanta. Da aka kawo abin kare kai na masu babur, ba mu tsaya neman kalmar aro ba, muka ce hular kwano. Ƙashin nan da ke rufe gwiwa, Bature ya ga hula ce ya ce “kneecap”, mu muka ga ƙoƙo ne muka ce ƙoƙon gwiwa. Ido ɗaya ne, kowa ya duba abin da ke ɗakinsa ya kwatanta. Yaron da ke da wannan arziki a bakinsa, shi ake zaunarwa a aji a nuna masa cewa harshen Bature wani tsafi ne da ba a gane shi sai dai a haddace.

An daɗe ana ja-in-ja a ƙasar nan a kan harshen da za a koyar da yara da shi. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince da tsarin koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 kuma aka ba da sanarwar soke shi, aka ce a koma Turanci tun daga tushe. Ina da ra'ayina a kan wannan, kuma ba na ɓoye cewa sokewar ba ta yi mini daɗi ba. Amma ko da Turancin za a yi zalla, tambayar 'yata tana nan daram. Idan aka hana malami ya ce wa yaro “kamar dai yadda muke cewa rawani”, an karɓe masa gadar da ta fi kowace gajarta. Ya rage masa jan biro kawai.

Na san abin da malamai za su ce, kuma ba na raina shi. Mutumin da ke da yara fiye da ɗari a aji, albashi bai isa ba, ga manhaja tana kora shi, ga jarrabawa a gaba, ina ya ga lokacin labarin wani soja da mayafinsa? Gaskiya ne. Ban kuma zargi malamin 'yata da mugunta ba, na fi zaton shi ma haka aka koya masa, ba a taɓa gaya masa dalili ba balle ya gaya wa wani. Shi ya sa nake ganin gyaran daga kwalejojin horar da malamai zai fara. Amma batun lokaci, lissafin bai fita yadda ake zato ba. Malamin da ya koyar da hula yau, murfi gobe, iyaka jibi, a matsayin abubuwa uku da ba su san juna ba, aiki uku ya yi, kuma yaro zai zubar da biyu kafin zangon karatu ya ƙare. Wanda ya nuna zaren da ya haɗa su, aiki ɗaya ya yi. Ba a ce a mai da kowane darasi tarihi ba. Kalma ɗaya a mako ta isa ta koya wa yaro ɗabi'ar tambayar ina wannan ta fito.

Akwai wani haɗari na gaske da ya kamata in ambata, domin ni ma na taɓa jin an faɗa a taron jama'a, mutane suna gyaɗa kai. Wai kalmar “handicap”, da a da ake kiran masu buƙata ta musamman da ita, ta samo asali ne daga naƙasassun da ke bara da hula a hannu. Labarin yana da daɗin ji, amma ƙarya ne. Hular tana ciki, sai dai ta wata caca ce da ake yi a Ingila tun ƙarni na 17: mutum biyu za su yi musayar kaya, alƙali ya faɗi cikon da mai ƙaramin kaya zai yi, a zuba kuɗin jingina a hula, kowa ya sa hannu a ciki ya fito da shi a buɗe ko a dunƙule don nuna ya yarda ko bai yarda ba. Daga nan kalmar ta shiga sukuwa, inda ake ƙara wa dokin da ya fi gudu nauyi don a daidaita tsere, sai daga baya ta koma nufin duk wani abin da ke tauye mutum. Haka kuma “cap” ɗin da ke cikin “market cap” na 'yan kasuwar hannun jari, da wadda ke kan maɓallin manyan baƙaƙe na kwamfuta, ba hula ba ce, guntun “capital” ne, ta wata ƙofa ta shigo. Ke nan asalin kalma ilimi ne mai neman hujja, ba a yin sa da kintace. Wannan ma dalili ne na a koyar da shi da kyau, don idan makaranta ta bar fagen, masu ƙirƙirar labari a WhatsApp za su cike shi.

To su Turawan ta yaya suka san duk wannan? Aiki suka yi. An fara maganar babban ƙamus na Oxford a 1857, kashin farko ya fito a 1884, ba a kammala ba sai 1928. Dubban mutane ne suka riƙa karanta tsofaffin littattafai kyauta, suna kwafo jimloli a 'yan takardu suna aikawa, don a san ranar da aka fara ganin kowace kalma da yadda ma'anarta ta riƙa juyawa. Har yau ba su tsaya ba, a Janairun 2020 sun shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da Kannywood da okada. Mu ma ba a bar mu hannu rabbana ba. Akwai ƙamus ɗin Hausa na Bargery na 1934 da na Abraham, akwai aikin Neil Skinner na 1996 da ya bi sawun asalin kalmomin Hausa, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Sai dai yawancin abin da aka gano game da tarihin kalmominmu da Turanci aka rubuta shi, yana kwance a ɗakunan karatu na jami'a. Yaro nawa ne ya san kwabo daga kalmar Turanci ta jan ƙarfe ya fito, sule daga “shilling”, sisi daga kwabo shida na Ingila? Nawa ne suka san masana sun nuna cewa kasuwa kalmar Larabci ce da ta iso mana ta hannun Barebari? Kakanninsu sun kashe waɗannan kuɗi, iyayensu suna cewa ba ni da ko sisi, su kuwa ba a taɓa gaya musu komai ba.

Roƙona ga sassan Hausa na jami'o'inmu, daga Kano da Zariya da Sakkwato har Yamai da Damagaram, shi ne su fito mana da ƙananan littattafai masu araha, da Hausa, a kan tarihin kalmomi, na Hausa da na Turancin da yara ke cin karo da su kullum. Gidajen rediyo su ware minti biyar a mako. Masu fassara labarai ma za su amfana, don wanda ya san murfi ne ke bayan kalmar ba zai yi tuntuɓe ba ranar da aka ce an sa wa albashin 'yan wasa ko kuɗin ruwan banki “cap”, zai ce an ƙayyade, ya wuce.

Bayan kwana biyu da wancan dare, ina zaune a ƙofar gida ina gyara zaman hulata zan tafi masallaci, sai ga Mamana ta fito da littafin kimiyya a hannu. Ta nuna mini hoton ƙasusuwan ƙafa, ta ɗora yatsa a kan kalmar da ke gefen gwiwa, ta ce, “Baba, wannan ma hular ce ko?” Na ce ita ce. Ta ɗauki fensir ta rubuta ƙoƙon gwiwa a ƙasanta da ƙananan baƙaƙe, ta koma ciki tana neman wata.